Waiwaye: Yadda Barewar Landseer Ta Tsinci Kanta a Rikicin Filayen Sikotlan

Duk lokacin da aka tayar da maganar rage bareyi a tsaunukan arewacin Sikotlan, hoto guda ne ke fitowa a saman labarin, zanen nan mai suna The Monarch of the Glen: ƙaton namijin barewa a tsaye bisa tudu, ya ɗaga kai, ƙahonsa ya yi rassa, hazo na lulluɓe da duwatsu a bayansa. Rigimar kuwa ba ƙarama ba ce. An ƙiyasta bareyi sun kai miliyan ɗaya a ƙasar, kuma tun da aka ƙarar da kyarketai ɗaruruwan shekaru da suka wuce babu dabbar da ke cin su. Masu son daji ya farfaɗo suna cewa bareyin na cinye tsiron itace tun bai kai gwiwa ba. Masu gadin gandun farauta suna cewa abincinsu ake neman taɓawa. Ƙarƙashin wannan duka akwai tsohon ƙorafi, wato mutanen da ba su kai 500 ba ne ke riƙe da kusan rabin filayen da ba na gwamnati ba. Sai hoton ya zama abin nuni. Wasu na ganinsa alamar ƙasa, wasu kuma na ganin kyakkyawan mayafi ne da aka rufa a kan kwaruruwan da aka kori mutanensu.

Wanda ya zana shi, Edwin Landseer, ba ɗan Sikotlan ba ne. A Landan aka haife shi a 1802. Mahaifinsa John mai sassaƙa hotuna ne a kan farantin ƙarfe domin bugawa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yana shekara 13 aka baje zanensa a Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Ingila. Malaminsa Benjamin Haydon ya sa shi feɗe gawar dabbobi don ya san inda tsoka ta kwanta da inda ƙashi ya juya. Ya zama cikakken ɗan cibiyar a 1831, ya riƙa zana karnuka da dawakan Sarauniya Victoria, aka ba shi sarautar Sir a 1850. Shi ne ya ƙera zakunan tagulla huɗu da ke dandalin Trafalgar a Landan, waɗanda aka buɗe a 1867. Wannan ɓangaren kowa ya sani.

A 1824 ya fara zuwa Sikotlan, daga nan kusan duk kaka sai ya koma. Ya tarar da ƙasar da aka daɗe ana kwashe mutanenta. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 18 ake tayar da ƙananan manoma daga cikin kwaruruwa ana zuba tumaki, don gashin tumaki ya fi kuɗin hayar talaka kawo riba. Wasu an tura su bakin teku, wasu sun hau jirgi zuwa Kanada da Ostireliya. A 1846 cutar dankali ta jefa waɗanda suka rage cikin yunwa. Shekara biyar bayan haka, a 1851, Landseer ya kammala The Monarch of the Glen, wato Sarkin Kwari. Masu suka suna haɗa waɗannan shekaru biyu su ce ai ga shi nan, mutane na mutuwa da yunwa shi yana zanen barewa.

Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk wanda ya bi ayyukan Landseer na Sikotlan zai ga mutane cike da su. Ya zana masu dafa barasa a ɓoye cikin bukka. Ya zana makiyaya suna sallama da iyali za su kora shanu kasuwar kudu. Ya zana iyali a kan rufin gida ambaliya ta kewaye su. Akwai wani na 1837 da ke nuna ɗakin tsohon makiyayi bayan ya rasu: akwatin gawa a tsakiya an rufa masa bargo, hularsa da sandarsa a yashe, tabarau a kan littafi, masu makoki duk sun watse, sai karensa kaɗai ya ɗora haɓa a kan akwatin. Mutum zai iya cewa ya cika son taɓa zuciya, kuma gaskiya ne, talaucin da ke zanensa yakan fito da tsabta fiye da yadda yake a zahiri. Amma ba za a ce bai ga mutanen ba. Abin tambaya shi ne yadda aka yi barewa guda ta danne duk sauran.

Amsar tana teburin yayansa Thomas. An yi odar Sarkin Kwari ne don a rataya shi a ɗakin cin abinci na sabon ginin majalisar Birtaniya a Westminster da ke Landan, wanda aka sake ginawa bayan gobarar 1834. Batun biyan kuɗin aikin bai daidaita ba, sai aka sayar wa wani mai kuɗi. Da abin ya tsaya nan, da zanen ya ƙare a bangon falon wani attajiri, baƙinsa kaɗai ke gani. Sai a 1852 Thomas Landseer, wanda ya gaji sana'ar mahaifinsu, ya sassaƙa shi a kan farantin ƙarfe.

Sai an san yadda aikin yake kafin a gane girman abin da ya faru. Mai sassaƙa yakan zauna da faranti a gabansa, ya riƙa tsaga layuka da tsinken ƙarfe, komai a juye kamar a madubi, don idan an danna takarda ya fito daidai. Ba shi da launi. Jan gashin barewa, laushin hazo, ɗanyen hanci, duk da sirara da kaurin layi zai fito da su. Babban faranti kan ci watanni, wani lokaci fiye da shekara. A zamanin mahaifinsu da jan ƙarfe ake yi, shi kuwa mai taushi ne, bayan 'yan ɗaruruwan bugu layukan sun fara shafewa. Daga shekarun 1820 aka koma baƙin ƙarfe mai tauri, wanda faranti guda zai fitar da dubbai bai gaji ba. Nan take farashi ya sauko. Malamin makaranta da akawu da mai kanti suka iya sayen abin da a da sai masu gidan sama. Kamar dai yadda kalanda take shiga kowane shago a wajenmu, har da inda ba a damu da kwanan wata ba.

Wannan ya sauya wanda ke zaɓe. Attajiri mai odar zane yana iya son labari mai sarƙaƙiya. Mai buga hotuna kuwa lissafinsa ɗaya ne: wane hoto ne mutum dubu goma za su yarda su kalla kullum a kan bangon ɗakinsu? Wanda ba ya tayar da hankali, wanda ke fitowa ɓaro-ɓaro da baƙi da fari, wanda ake ganewa daga bakin ƙofa. Barewa a tsaye ita kaɗai ta cika duk waɗannan sharuɗɗa. An buga sauran zanukansa ma, na karen makiyayi ya sayu sosai, amma babu wanda ya dace da kwalin kaya kamar ita. A 1916 wani kamfanin sabulu ya sayi ainihin zanen, daga baya ya koma hannun masu barasa, siffarta ta hau kwalabe da gwangwanin biskit. A ganina nan ne aka yi rabuwar. Mutanen da ba su taɓa taka Sikotlan ba suka haddace ta a matsayin tsauni da hazo da barewa, kuma wanda ya saba ganin kwari babu kowa a bangonsa ba ya tambayar ina mutanen suka tafi.

Shi kansa Landseer ya ci riba sosai daga haƙƙin bugawa, sai dai bai ji daɗin ƙarshen rayuwarsa ba. Tun 1840 ya samu taɓin hankali da bai rabu da shi ba, ya faɗa shaye-shaye, ya ƙi karɓar shugabancin Royal Academy da aka yi masa tayi. Ya rasu a watan Oktoba na 1873, aka binne shi a majami'ar St Paul. A riƙe wannan shekarar, domin mafi yawan faɗaɗar gandun farauta bayan mutuwarsa aka yi. Gashin tumaki mai arha daga Ostireliya ya karya farashi. A 1882 jirgin ruwa mai suna Dunedin ya iso Landan da daskararren naman tumaki daga New Zealand. Kiwon tumaki a tsaunuka ya daina biyan kansa, jirgin ƙasa ya riga ya ratsa tsaunukan, ya haɗa biranen Perth da Inverness tun 1863, ga kuma attajiran kudu da suka tashi da hoton barewa a ɗakin iyayensu, a shirye suke su biya haya mai tsoka don su harbe irinta. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, fiye da eka miliyan 3 sun koma gandun bareyi. A Nuwamba 1887 talakawan tsibirin Lewis da ba su da gona suka kutsa wani gandu suka karkashe bareyi, aka gurfanar da wasu a Edinburgh, kotu ta sallame su.

Da aka sa zanen a kasuwa a 2016, an yi fargabar zai bar ƙasar. Aka yi gangamin tara kuɗi, gidan adana zane-zane na ƙasa ya saye shi a 2017 kan fam miliyan 4, rabin ƙimar da aka yi masa. A lokacin ma an sha cacar baki kan ko ya cancanci kuɗin jama'a. Mafarauta kuma suna da nasu gyaran: rassan ƙahon 12 ne, kuma a ƙa'idarsu sai mai 16 ake kira da sunan da ke kan zanen.

A kwarin Feshie, inda Landseer ya riƙa sauka cikin bukkoki har yana zane a bangonsu, an fara rage bareyi da gaske tun 2004, masu gadin farauta suka yi zanga-zanga a lokacin. Bukkokin sun rushe tare da zanen. A gefen kogin yanzu ƙananan itatuwa sun tsiro a gindin tsofaffin da suka yi shekaru ba su da magaji, wasunsu har sun wuce tsayin mutum.