Wace Rauta Ce Za Ta Riƙe Gida a Gombe? Tambayoyi da Amsoshi

Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, magidanta da yawa a Gombe suka fara lissafin cewa gara a sayi data mai yawa wuri guda a raba wa mutanen gida, maimakon kowa ya riƙa sayen tasa a waya. Sana'ata ita ce haɗa intanet a gidaje da shaguna, kuma waɗannan su ne tambayoyin da aka fi tare ni da su.

Mece ce rauta, kuma me zai hana in ci gaba da raba intanet daga wayata?

Rauta na'ura ce da ke karɓar intanet ta hanya guda, sannan ta rarraba shi ga wayoyi da kwamfutoci da talabijin na gida, ko dai ta waifai ko ta igiya. Iri biyu ne a kasuwa, kuma rashin bambance su ya sa mutane da dama asarar kuɗi. Akwai wadda ake saka wa sim, ta jawo sabis daga turken kamfani kamar yadda waya ke yi. Akwai kuma wadda ba ta da ramin sim ko kaɗan, jira take yi a kawo mata intanet ta igiya daga fayiba, wato igiyar intanet mai zaren gilashi, ko daga eriyar da wani kamfani ya kafa a kan rufi. Mafi yawan gidajen da nake shiga mai sim suke bukata. Raba intanet daga waya kuwa yana kashe batiri, yana sa wayar zafi, kuma duk lokacin da maigida ya fita kasuwa, intanet ɗin ya bi shi, yara masu karatu sun zauna haka nan.

Wace ce ta fi ƙarfi a cikin rautocin da ake sayarwa?

Wannan ita ce tambayar farko da kowa ke yi, ni kuma nakan roƙi mai ita ya ɗan ajiye ta tukuna, domin rauta ba ta ƙirƙirar sabis, abin da ya iso ƙofar gida shi take rabawa. Idan sabis ɗin MTN ko Airtel ko Glo ko T2 (wanda a da ake kira 9mobile) ba ya isowa ɗakinka da ƙarfi, ko ka sayi wadda ta fi kowace tsada a shago, kuka za ka yi. Gombe gari ne mai tudu da kwari, don haka layin da ke gudu a Tumfure yana iya rarrafe a wani lungu na Pantami ko Bolari, kuma wani lokaci bambancin yana tsakanin gida da gidan da ke kallonsa ne, saboda wani bene da ya tare hanyar turke.

Abin da nake ba da shawara shi ne mutum ya ba kansa kwana uku kafin ya fitar da ko sisi. Ya ari sim na kowane kamfani daga wurin 'yan uwa ko maƙwabta, ya saka a waya guda mai 4G, ya gwada gudun da manhaja irin su Speedtest a cikin ɗakin da yake son ajiye rautar. Ya gwada da safe, ya gwada da rana, amma gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na bayan sallar isha'i, lokacin da duk unguwa ta dawo gida ta hau kan turke ɗaya. Da megabit ake auna gudun intanet, kuma layin da ya ba ka megabit 30 da asuba ya koma 2 da ƙarfe tara na dare ba zai riƙe iyali ba. Bidiyo guda mai kyawun hoto yana cin kusan megabit 5, saboda haka gidan da mutum huɗu za su riƙa kallo a lokaci guda yana son layin da ba ya sauka ƙasa da 20 a lokacin cunkoso. A kuma tuna cewa sim ɗin rauta shi ma sai an yi masa rajista an haɗa shi da lambar NIN kamar kowane layi.

In sayi ta kamfanin layi ne, ko wadda ke karɓar kowane sim?

Ta kamfani ta fi araha, sau da yawa tana zuwa da kyautar data, kuma an tsara ta daidai da zangon da kamfanin ke watsa sabis a kai. Aibinta shi ne a kulle take, ranar da layin ya lalace a unguwarku ba ka da mafita. Buɗaɗɗiya, irin waɗanda TP-Link da Huawei da ZTE ke ƙerawa, ta fi tsada, amma tana ba ka damar sauya sim idan bukata ta taso. Idan gwajin kwana ukun nan ya nuna layi ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, ta kamfanin ta wadatar. Idan biyu ne suke kankankan, ni buɗaɗɗiya zan saya.

Sai dai buɗaɗɗiya tana da tarko guda. Kamfanonin Najeriya suna watsa 4G a kan zanguna daban-daban, waɗanda ake rubutawa a jikin kwali da alamu irin su B3 da B7 da B20 da B28, kuma rautar da aka ƙera don kasuwar wata ƙasa tana iya rasa wasu daga ciki. A duba a tabbatar duk huɗun suna nan. B20 da B28, masu megahaz 800 da 700, su ne suka fi tafiya nesa da ratsa bango, don haka mutumin da ke wajen gari, ko a ƙauyukan Kumo da Bajoga da Dadin Kowa, bai kamata ya yi wasa da su ba. Akwai kuma rubutun Cat 4 ko Cat 6. Ta farko iyakarta megabit 150, ta biyu 300, amma ainihin amfanin ta biyun shi ne tana iya haɗa zango biyu a lokaci guda, abin da ke taimakawa sosai idan turke ya cika.

Shin ya kamata in tsallake kai tsaye zuwa 5G?

MTN ta fara 5G a 2022 a birane bakwai, wato Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri, Airtel kuma ta biyo baya a 2023, kuma tun daga lokacin ake faɗaɗawa sannu a hankali. Hanyar sanin matsayin gidanka mai sauƙi ce: a samo waya mai 5G a tsaya da ita a tsakar gida. Idan alamar ba ta fito ba, rautar 5G za ta koma aiki da 4G ne kawai, ka biya kuɗi mai yawa a kan abin da ba ka mora.

Me ake nufi da manyan lambobin da ke jikin kwali, kamar AC1200, da kuma yawan eriya?

Waɗannan lambobi suna magana ne a kan gudun da ke tsakanin rauta da wayarka a cikin gida, ba gudun intanet ɗin da kamfani ke kawowa ba. AC1200 jimilla ce ta zango biyu: megabit 300 a kan gigahaz 2.4 da 867 a kan gigahaz 5, kuma babu wayar da za ta samu duka a haɗe. Abin da ya dace a nema shi ne rauta mai zangunan nan biyu. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma a gidajen haya da ke manne da juna ya cika da hayaniyar rautocin maƙwabta. Na 5 ya fi gudu da tsabta, sai dai bango biyu sun isa su raunana shi. Waifai na ƙarni na 5, wanda ba shi ne 5G ba, ya ishi yawancin gidaje, na 6 da ya fito a 2019 kuma ya fi iya ɗaukar na'urori da yawa a lokaci ɗaya. Yawan eriya bai cika zama shaidar inganci ba. Abin da ya fi amfani shi ne a juya bayan rautar a ga ko tana da wurin ɗaura eriyar waje, kuma ramukan igiyarta masu megabit 1000 ne ko masu 100.

Yaya batun wuta da zafi?

Nan ne mafi yawan rautocin da ake kawo mini gyara suke mutuwa, kuma nan ne masu saye suka fi sakaci. Rautar gida ba ta da cin wuta. Akasari bolt 12 take sha, kuma abin da take ja bai cika wuce wat 10 ba, wato ko ta kwana ta wuni a kunne ba ta cinye rubu'in yunit ɗaya na mita ba. Matsalar ita ce ɗaukewa da dawowar wuta, da kuma sauyawa zuwa janareta, domin kowane karo sai ta mutu ta sake tashi, ta ɗauki minti ɗaya ko biyu tana neman sabis, kuma wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ke ƙona caja. Maganin wannan ƙaramin akwatin batiri ne da ake sakawa tsakanin soket da rauta, wanda ke riƙe ta na wasu sa'o'i ba tare da ta ko ƙifta ba. Ina ganin wanda kuɗinsa bai kai ba gara ya sayi rauta matsakaiciya tare da wannan akwati, da ya sayi mai tsada ya jona ta kai tsaye a bango. Mai sola da inbata ya huta da wannan, sai dai ya tabbatar soket ɗin rautar yana kan layin inbata.

Idan caja ta ƙone, kada a ɗauko duk wadda bakinta ya shiga. A karanta bolt da amp da aka rubuta a ƙasan rautar: bolt dole ya yi daidai, amp kuma ya yi daidai ko ya ɗara. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, cire ta daga soket ya fi kowace dabara sauƙi.

Zafi kuma, yawancin masu ƙera rautar gida suna rubuta cewa an yi ta ne don yanayin da bai wuce digiri 40 ba, alhali kowa ya san yadda ɗaki mai rufin kwano yake zama a Gombe a watan Maris da Afrilu. Rautar da ta yi zafi takan rage gudu ko ta riƙa kashe kanta. A ajiye ta inda iska ke ratsawa, kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura. Da hunturu a riƙa kaɗe ramukan iskarta da busasshen buroshi. 'Yar ƙaramar nan ta aljihu mai batiri a ciki, da ake kira MiFi, ta tafiya ce. Idan aka bar ta a caji dare da rana a cikin zafi, batirinta kumbura yake yi.

Gidana babba ne mai sassa, me ya sa waifai ba ya kai wa ɗakunan ciki?

Wani dattijo a Tumfure ya taɓa kirana yana cewa an cuce shi a shago. Da na isa, sai na tarar rautar tana cikin durowar da ke ƙarƙashin talabijin a falo, an rufe ta da murfin gilashi, ga dikoda a kanta tana ƙara mata zafi. Na ce, "Baba, a yi mini izini in matsar da ita." Ya ce, "Yaro, yi abin da ka ga ya dace, amma hajiya ba ta son ganin wayoyi a fili." Muka buga ƙusa a bangon baranda kusa da tagar da ke fuskantar turke, sama da tsayin mutum, muka rataye ta, muka bi da igiyar ta bayan labule. Kafin in tattara kayana, 'yarsa ta leƙo daga sashen mata ta ce sabis ya kai ɗakinsu.

Bulo da siminti, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa, da madubi, da katangar ƙasa mai kauri, duk suna cinye waifai. Idan matsarwa ba ta wadatar ba, hanyar da ta fi aminci ita ce a ja igiyar intanet daga rauta ta farko zuwa ta biyu a ɗaya sashen. Igiyar tana aiki lafiya har tsawon mita 100, sai dai a saka ta cikin bututu idan za ta ratsa tsakar gida. Ƙananan na'urorin ƙara zango da ake jonawa a soket sun fi sauƙin haɗawa, amma masu arahar cikinsu sukan rage gudu da kusan rabi.

Ta yaya zan hana maƙwabta shan datata?

Ranar farko a sauya kalmomin sirri guda biyu, domin biyu ne: ta shiga waifai, da ta shiga shafin saitin rautar, wanda ake buɗewa da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kamar yadda aka rubuta a ƙasanta. Ta biyun ce ake mantawa, kuma barin irin waɗannan kalmomi yadda suka fito daga masana'anta shi ya ba muguwar manhajar Mirai damar kame ɗimbin rautoci da kyamarori a duniya a 2016. A zaɓi tsarin kulle na WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da waifai ba tare da rubuta kalmar sirri ba, kuma kada lambar wayar maigida ta zama kalmar sirri, tun da duk unguwa ta haddace ta. Idan rautar tana da layin baƙi, wato waifai na daban mai kalmar sirrinsa, a kunna shi don masu zuwa zaure, a riƙa sauya kalmarsa ba tare da an taɓa ta mutanen gida ba. Ya kuma dace a zaɓi kamfanin da ke ci gaba da fitar da sabuntawar manhajar cikin na'urar, a riƙa leƙa shafin saiti lokaci zuwa lokaci a sauke ta.

Ta hannu fa, ko tokunbo?

Ana samun masu kyau, amma kada a biya sai an gwada. A je da sim ɗin da za a yi amfani da shi, a saka a gaban mai shago, a ga ta kama 4G kuma ta buɗe shafi. A danna maɓallin mayar da ita saitin asali, a tabbatar kalmar sirrin da ke rubuce a ƙasanta tana aiki, a bar ta a kunne na minti goma a taɓa a ji ko zafinta ya wuce kima, sannan a duba ko cajar tata ce ta asali. A ƙarshe a nemi rasit mai ɗauke da lambar IMEI ta na'urar, wato lambar shaidar da ke bambanta ta da kowace na'ura, a kuma yi magana a fili da mai shago a kan kwana nawa ya yarda a dawo da ita idan aka je gida ta ƙi kama sabis.