Ma'anar Sunan K2

Da yawa idan suka ji an ce K2 ne dutse na biyu a tsayi a duniya, sai su ɗauka lambar 2 ɗin matsayinsa take nunawa. Ba haka ba ne, dacewa aka yi. Tsayinsa mita 8,611, Everest kaɗai ya fi shi, amma an laƙaba masa sunan tun kafin a auna shi.

K ɗin harafin farko ne na Karakoram, jerin duwatsun da ke kan iyakar Pakistan da Sin. A 1856 wani jami'in safiyo ɗan Birtaniya, Thomas Montgomerie, ya hau dutsen Harmukh a Kashmir, ya hango ƙololuwa biyu can arewa, tazarar sama da kilomita 200. Ya zana su, ya rubuta K1 da K2. Al'adar masu safiyon ita ce da an gano sunan da mutanen wuri ke kiran dutse, sai a ajiye lambar. K1 ya zama Masherbrum. K2 kuwa ba a samo masa suna ba.

Dalilin rashin sunan ne ya fi taɓa ni. Daga Askole, ƙauye na ƙarshe a hanyar zuwa dutsen, ko ƙeyarsa ba a gani. Sai mutum ya yi kwanaki yana tafiya a kan Baltoro, kogin ƙanƙara mai tsawon kusan kilomita 63, wanda ke jan ciki a hankali, bayansa lulluɓe da tsakuwa da manyan duwatsu, ƙarƙashin ƙafa ana jin ruwa na gudu. Sai an isa Concordia, inda ya haɗu da kogin ƙanƙarar Godwin-Austen, sannan dutsen ya bayyana tsaye shi kaɗai kamar dala. Babu ciyawa a can, to me zai kai makiyayi har ya raɗa masa suna?

'Yan Italiya biyu, Compagnoni da Lacedelli, su suka fara taka ƙololuwarsa ranar 31 ga Yuli, 1954. A lokacin hunturu kuwa ya gagari kowa, sai 16 ga Janairu, 2021 da 'yan Nepal goma suka hau tare.

Mutanen Balti, mazauna yankin masu dakon kayan masu hawan dutse, sun karɓi lambar sun juya ta da harshensu. Ketu suke ce masa.