Tambayoyin da aka fi yi mini kan rubuta direba a Linux

Tambayoyi kusan iri ɗaya nake amsawa tun da na fara koya wa matasa wannan aiki. Na tara su wuri ɗaya. A karanta kafin a zo mini da kwamfutar da ta ƙame.

Malam, mene ne direba?

Ɗan shiri ne da ke zaune cikin kanel, wato zuciyar Linux, yana tsaye tsakanin na'ura da sauran manhajoji. Manhaja ta ce a karanto, direba ne ya san rijistar da zai taɓa, wato ɗan gurbin da ke cikin na'urar inda ake karanta bayani ko a rubuta umarni. Iri uku aka fi sani: na haruffa, na faifai, na sadarwa. Ka fara da na haruffa.

Zan iya rubutawa da Python?

A'a. C ne, tun 1991 da Linus Torvalds ya fara aikin a Finlan. An shigo da Rust a Linux 6.1, ƙarshen 2022, amma direbobin da za ka karanta ka koya kusan duk C ne. In manuni (pointer, mai riƙe adireshin wani wuri a ma'adana, wato memori) a C bai zauna maka ba, koma ka zaunar da shi tukuna.

Ba laifi in gwada a kan laftof ɗina?

Da laifi, kuma na sha faɗa. Manhajar waje, wato wadda ba a cikin kanel take ba, in ta yi kuskure, kanel zai kashe ta, kowa ya ci gaba da harkarsa. Direba in ya yi kuskure, babu wani a samansa da zai kama shi. Yana iya rubutu a kan ma'adanar da ba tasa ba, abin ya bi ya lalata fayilolin da ke faifanka, sai bayan kwanaki ka gane. Wani ɗalibina a kan laftof ɗin da yake rubuta furojet ɗinsa ya yi gwaji, ranar ya yi kuka da hawaye. Ka sa QEMU ko VirtualBox, manhajojin da ke ba ka kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka, kyauta ne. QEMU har yana da na'urar koyo mai suna edu, wadda aka yi musamman don masu koyon direban PCI.

Dole sai na sauko da kanel gaba ɗaya? Data ta yi tsada.

A farko ba dole ba. Matsattsen fayil ɗin ya haura megabait 100, amma ƙunshin linux-headers na kanel ɗin da kake kai kawai kake buƙata. A Makefile ka sa obj-m += gwaji.o, ka kira make -C /lib/modules/$(uname -r)/build M=$PWD modules. Za ka samu gwaji.ko, shi ne mojul ɗin da za ka loda cikin kanel da insmod.

Na sa printf, ya ƙi harhaɗuwa.

Babu laburaren C a cikin kanel. Ka sa pr_info, ka duba da dmesg, mai nuna saƙonnin kanel. Maimakon malloc kuma kmalloc. Ka bar lissafi mai ɗigo.

insmod ya ƙi karɓa.

Me ya rubuta? Kullum sai a ce mini "ya ƙi" a yi shiru. In "Invalid module format" ne, da kanel dabam ka harhaɗa. In "Key was rejected by service" ne, Secure Boot ne yake neman sa hannu. In kuma ka ga an ce ba a san wata alama ba ("Unknown symbol"), duba ko ka manta MODULE_LICENSE("GPL"), domin akwai fankshan da yawa da ba a buɗe wa mojul marar wannan layi.

Me ya sa ba zan yi memcpy kai tsaye zuwa adireshin da manhaja ta ba ni ba?

Saboda ba ka san me ta ba ka ba. Adireshin yana iya zama na banza, yana iya zama shafin da ba ya cikin ma'adana a lokacin, yana iya zama adireshin kanel da mugu ya miƙo da gangan. Ka yi amfani da copy_to_user da copy_from_user. Abin da suke dawowa da shi adadin bait ɗin da ba a kwafa ba ne. In ba sifili ba ne, ka mayar da -EFAULT. Mutane da yawa ba sa ma dubawa, kuma wannan sakaci ne.

Na'urata tana turo bayanai ta katsi (interrupt), ina tarawa a rumbu (buffer), read yana ɗiba. Mutex zan sa ko spinlock?

Yauwa, wannan tambaya ce, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da dama. Mutex da spinlock duk kwaɗo ne, mai hana biyu taɓa rumbun lokaci guda. Kafin ka zaɓi kwaɗo, ka tambayi kanka a kowane layi: wa ya kira ni nan, kuma an yarda in yi barci? Read a madadin manhaja yake gudana, yana iya barci ya jira. Mai amsa katsi kuwa, wato fankshan ɗin da ke tashi in na'ura ta nemi a kula ta, katse wa furosesa hanzari aka yi, ba shi da damar barci ko kaɗan. Mutex yana sa mai jira barci, saboda haka in mai amsa katsinka na asali ne, wanda ka yi wa rajista da request_irq, mutex ya fita daga lissafi.

Saura spinlock, wanda mai jiransa ba ya barci, zagaye yake ta yi har a saki; shi ma da sharaɗi. A cikin read ka riƙe shi da spin_lock_irqsave. In ka sa spin_lock kawai, wata rana katsin zai faɗo a kan furosesan da ke riƙe da kwaɗon, mai amsa katsi ya tsaya jiran a saki, mai sakin kuma shi aka katse. Kwamfuta ta ƙame ke nan. Abin da ya fi ban takaici, tana iya yin mako tana aiki lafiya kafin hakan ta faru.

To ga inda galibi ake faɗawa: ka riƙe spinlock, sai ka kira copy_to_user a ciki. Shi yana iya barci in shafin manhajar ba ya nan. Haka kmalloc da GFP_KERNEL. Abin da nake yi shi ne in riƙe kwaɗo, in kwashe bayanan zuwa ɗan wuri na wucin gadi, in saki, sannan in kwafa wa manhaja. Ɗan wurin ya zama ƙarami in a kan sitak ne, inda fankshan ke ajiye bayanansa na wucin gadi, domin kilobait 16 ne kacal sitak ɗin kanel a x86 mai bit 64.

Amma duk wannan in na'urarka irin wadda ake karanta rijistarta kai tsaye ce. In a kan layin haɗa ƙananan na'urori irin I2C ko SPI take, karanta ta kansa yana iya kawo barci, sai lissafi ya canza. A nan request_threaded_irq ya fi, da IRQF_ONESHOT in ba ka ba da mai amsa na farko ba. Aikin zai koma zare (thread) na kanel, inda barci ya halatta, mutex kuma ya dawo. Ko da na'urar ba ta I2C ba ce, in ba gaggawa ce sosai ba, ni wannan hanya nake ba mai koyo shawara, domin kuskure a cikinta ya fi sauƙin kamawa. Sai dai jinkiri yana ɗan ƙaruwa, kuma in na'urar tana zubar da bayanai in ba a kwashe da wuri ba, ka auna ka gani kafin ka yanke.

Za a ce maka kfifo, rumbun da kanel ya tanada, ba ya buƙatar kwaɗo. Gaskiya ne in mai zubawa ɗaya ne, mai ɗiba ɗaya. Me zai hana manhajoji biyu buɗe fayil ɗinka a /dev lokaci guda? Sai ka sa mutex tsakanin masu ɗiba, ko ka hana buɗewa ta biyu. In rumbu ba komai, kada read ya yi ta zagaye yana leƙe: wait_event_interruptible, mai amsa katsi ya tashe shi. Wajen sauke mojul, free_irq kafin ka saki rumbun, ba bayan ba. Sannan a kanel mai PREEMPT_RT, tsarin ayyukan da ba sa jure jinkiri, wanda ya shiga babban reshe a 6.12, halin spinlock ya sauya, amma in ka bi ƙa'idojin nan ba za su cuce ka a can ba. Ko wace hanya ka ɗauka, ka kunna CONFIG_PROVE_LOCKING da CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP a kanel ɗin gwajinka. Sukan kama irin wannan kuskure tun bai kai ga ƙamewa ba.

Na kwafo misali daga littafi, ya ƙi harhaɗuwa.

Na san littafin, Linux Device Drivers bugu na uku. A 2005 ya fito, kan kanel 2.6.10. Bayaninsa yana da amfani har yau, misalansa sun tsufa. Linux bai taɓa yin alƙawarin barin fankshan na cikin gida yadda suke ba. An cire ioctl daga file_operations a 2.6.36, class_create ya sauya a 6.4. Ka buɗe drivers/misc ko drivers/char na kanel ɗinka ka ga yadda ake yi yanzu.

Na ga Oops a dmesg. Anya wannan aikin nawa ne?

Naka ne, ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Oops saƙon da kanel yake fitarwa ne in an yi kuskure a cikinsa, babu wanda ya rubuta direba bai ga wannan ba. Ka nemi layin RIP, zai gaya maka fankshan ɗin da abin ya faru, Call Trace kuma ya nuna hanyar da aka bi aka iso. Galibi manuni ne da ba ka duba ko NULL ba ne. Ka sake tayar da kwamfutar gwajin kafin ka ci gaba. Kanel da ya yi Oops ba abin dogaro ba ne.

Ina da Raspberry Pi, ina son kunna fitila da karanta ma'aunin zafi. Ta ina zan fara direban?

Ba ka buƙatar direba. Fitila, libgpiod. Ma'aunin zafi, duba drivers/hwmon da drivers/iio, mai yiwuwa an riga an rubuta; in babu, i2c-dev zai ba ka dama daga manhajar waje. Na'urar USB kuma libusb. In koyo ne ya kawo ka, to bismillah: misc_register, da read da write kawai, ka gwada da cat da echo, ka loda ka sauke sau ɗari a jere. In ya tsallake wannan, sai mu yi maganar probe da bishiyar na'urori.