Komawa gefen birni ba shi ne samun aiki ba

An dade ana cewa wai matan bakaken fata talakawa a Amurka, in dai an fitar da su daga tsakiyar birni zuwa unguwannin masu hali na gefen gari to shikenan aiki ya samu. Gaskiya abin ba haka yake ba. Maganar ta samo asali ne daga shirin Gautreaux na Chicago da aka fara a 1976, wanda ya taimaka wa iyalan bakaken fata talakawa su kaura zuwa wasu unguwanni, inda binciken farko ya nuna wadanda suka koma gefen gari sun fi samun aiki. To amma a 1994 gwamnati ta gwada irin wannan a birane 5, inda aka jefa kuri'a don zaben wadanda za a taimaka su koma unguwannin da ba su da talauci sosai, iyalai wajen 4,600, yawanci uwa ce ke rike da gidan, kuma aiki da albashin iyayen kusan bai canza ba.

Dalili? Unguwannin nan in baka da mota ka shiga uku, bas ba kullum ba, ga kaka ko makwabciya da ke rike mata yara an baro ta can, ga wariya wajen daukar aiki, kuma kaura bata bada satifiket. Lafiyarsu da kwanciyar hankali dai sun karu, yaran da suka kaura kafin su kai shekara 13 kuwa sun fi samun kudi da suka girma.