Illar allurar kashe zafi ga zuciya a tiyatar mata

Allurar kashe zafi ita ce wadda likita ke yi a wurin da zai yi aiki kaɗai, mara lafiya tana farke. A ɓangaren mata ana yinta a gefen bakin mahaifa kafin wankin ciki bayan ɓari, ko wajen ɗinki bayan haihuwa. Magungunan lidokain da bufibakain aka fi amfani da su. Suna zama guba idan sun yi yawa a jini, ko allura ta faɗa jijiyar jini bisa kuskure, abin da ke da sauƙin faruwa a gefen mahaifa saboda yawan jijiyoyin wurin, musamman ga mai ciki.

Maganin yana toshe ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi a jijiyar da ke kai saƙon zafi, shi ya sa zafi ba ya kai wa ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan ƙofofin ne ke tafiyar da bugun zuciya. Da farko bugun kan yi sauri, jini ya hau. Daga baya ya yi sanyi ko ya rikice, jini ya faɗi, zuciya ta iya tsayawa. Bufibakain ya fi haɗari domin ba ya saurin sakin tsokar zuciya. A 1979 likita George Albright ya yi gargaɗi a kansa, a 1983 kuma aka daina ba masu haihuwa nau'insa mai ƙarfin 0.75% a Amurka.

Sau da yawa jiki kan ba da sanarwa tukuna: leɓe ya mutu, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, jiri, sannan jijjiga. Mara lafiya ce kaɗai ke jin alamomin farkon. Matar Agege ko Idi-Araba a Legas da ba ta jin Turanci ko Yarbanci tana buƙatar tafinta a kusa, kuma kada kunya ta hana ta cewa "bakina ya yi nauyi".

Ana kiyayewa ta hanyar auna magani da nauyin jiki (lidokain tare da adirenalin, maganin da ke matse jijiyoyin jini, kada ya wuce miligiram 7 a kowane kilo), da jan sirinji baya a duba jini kafin a tura. Idan gubar ta bayyana, a tsayar da allura, a sa oksijin, a tsayar da jijjiga, a ba da ruwan kitse na Intralipid 20%, mililita 1.5 a kowane kilo ta jijiyar jini. Zuciyar da bufibakain ya tsayar takan daɗe kafin ta farfaɗo, don haka ba a gaggawar daina danna ƙirji.