Mene ne sassaben zamani, dabarar da ta tayar da daji a gonakin Maraɗi da Damagaram?

Duk manomi ya san sassabe. Kafin ruwa ya sauka ana ɗaukar gatari da adda a shiga gona, a sare duk sabara da kalgon da suka toho da rani, a tara a cinna wuta, a bar gona fes tana jiran shuka. Sassaben zamani shi ma wannan aikin ne, sai dai ba a share komai ƙarƙaf. Manomi zai zaɓi wasu kututture masu rai, ya rage musu toho, ya yi renon abin da ya bari har ya zama bishiya. Babu dashe, babu sayen iri, babu ban ruwa. A rahotannin masana za ka ga an rubuta shi RNA da Faransanci ko FMNR da Ingilishi, amma a ƙauyukan Maraɗi sunansa ke nan.

Ga yadda hannu ke yin aikin. Kututturen kalgo ɗaya kan fitar da toho goma ko ashirin, duk suna kokawar abinci, shi ya sa babu wanda ke wuce gwiwar mutum. Sai a duba a bar ɗaya zuwa biyar waɗanda suka fi miƙewa da kauri, a cire sauran. Waɗanda aka bari a datse musu ƙananan rassa har wajen rabin tsayinsu. Addar ta zama mai kaifi, kuma saran daga ƙasa zuwa sama ake yinsa, domin idan aka saro daga sama ɓawon kan yage ya bar rauni, gara da ciwo su samu hanya. Wasu kan ɗaura ɗan tsumma a jiki don mai neman itace ya san an yi niyyar barinsa. Bayan 'yan watanni a dawo a sake gyarawa.

Dalilin da ya sa wannan ya fi dashe saurin kamawa yana ƙarƙashin ƙasa. Bishiyar da aka sare shekaru da dama ba lallai ta mutu ba. Saiwarta na nan da rai, ta riga ta nutsa ta kai ga danshi, tana kuma riƙe da abincin da ta tara. Ɗan dashen leda kuwa da saiwa 'yar taƙi yake fuskantar ranin farko, ga iskar hunturu, ga awaki. Tohon kututture gadon babbar saiwa ya tarar, abin da yake buƙata kawai a rage masa abokan gasa.

Wannan ne abin da Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostareliya, ya lura da shi a 1983 a yankin Maraɗi, bayan ya sha wahalar rabon dashen da mafi yawansa ke bushewa. Ya tsaya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya kai kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen ya gane bishiya ce da aka sare take neman tashi. Fari da yunwar 1984 suka zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona a ƙauyuka da dama. Da aka daina rabon, mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga itacen girki ya zo kusa da gida, gero bai ragu ba, sai maƙwabta suka fara kwaikwayo. Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, tare da Yacouba Sawadogo, wani manomi ɗan Burkina Faso. Amma a faɗi gaskiya, renon itace a gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma a Damagaram manoma da yawa sun koma ga barin gawo da kansu, ba tare da wani shiri ya zo musu ba.

An daɗe duniya ba ta san girman abin ba. Sai a tsakiyar shekarun 2000 masu bincike irin su Chris Reij, Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka kuma taka ƙasa suka ƙirga a Magarya, Matamaye da Mirya. Ƙiyasinsu ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara. Ƙiyasi ne, kuma masana na muhawara a kan rawar da dawowar ruwan sama bayan shekarun fari ta taka. Abin da ya ɗaure kai shi ne itatuwan sun fi yawa a inda jama'a suka fi cunkoso, akasin abin da aka daɗe ana koyarwa cewa yawan mutane ne ke cinye daji.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne bishiyar da ke kakkaɓe ganyenta da damina ta yi kore da rani, don haka ba ta tare wa gero rana lokacin da yake buƙata. Ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwarta na da ƙwayoyin halittar da ke kama sinadarin nitirojin daga iska, dabbobi kuma na taruwa a inuwarta da rani suna cin 'ya'yanta suna barin kashi. Shi ya sa za ka ga geron gindin gawo ya fi na fili duhun ganye da kaurin kara. Ita ma sabara da ake rainawa, binciken da aka yi a Senegal ya nuna da dare saiwarta kan jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi ta saki wani sashe a saman ƙasa, har geron da ke kusa ya sha. An tabbatar da haka ne ta hanyar sa wa ruwan alama a zurfi, sannan aka gano alamar a jikin geron.

A ganina babban sirrin bai tsaya ga adda ba, yana ga tambayar wa ke da bishiyar. Tun zamanin mulkin Faransa doka ta mayar da itatuwa masu daraja na hukuma, malaman daji na cin tarar mutum kan reshen da ya sare a gonarsa. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta, aka yi dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, sannan dokar 2020 da ta amince manomi na da haƙƙi a kan itacen da ya rena, lissafi ya sauya. A Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido da ya haɗa manoma, mata da makiyaya, don hana saran dare.

Dabarar na da iyakarta. Inda tarakta ta tumɓuke kututture, ko aka ƙone su shekara da shekaru har suka mutu, babu abin da za a rena sai an koma ga iri ko dashe. Kuma abin da ke saurin tashi sabara ne da kalgo da gawo. Kanya, ɗorawa da tsamiya ba sa dawowa da sauƙi haka, don haka gona za ta iya cika da itace amma nau'o'in kaɗan ne. Idan aka bar su da yawa ba a gyara, inuwa kan danne shuka, tsuntsaye su samu masauki.

Katsina da Jigawa iyaka ɗaya suke da Maraɗi da Damagaram, ƙasa iri ɗaya, itatuwa iri ɗaya. Duk damina ana bikin dashen itatuwa a jihohinmu, ana faɗin adadin da aka dasa, da wuya ka ji an dawo bayan rani biyu an ƙirga waɗanda suka rayu. Ya kamata hukumomin daji su fara ƙirga kututturen da ke da rai a gonakin mutane, su kuma ba manomi tabbaci a rubuce cewa bishiyar da ya rena tasa ce.