Wai Linux kyauta ce don haka ba za ta iya aikin saba ba?

Har yanzu ina jin 'yan uwanmu a kasuwar kwamfuta ta Computer Village da ke Ikeja a Legas suna cewa duk manhajar da aka ba ka kyauta jabu ce, wai in ba ka sayi lasisin Windows Server da ƙatuwar na'ura ba to ba ka da saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Wallahi ba haka ba ne jama'a. Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kyauta ce don masu yin ta sun buɗe ta kowa ya duba ya gyara, ba ta sata ba ce. Linus Torvalds ya fara ta a 1991, Debian, wani nau'in Linux, ta fito 1993, kuma wayar Android ɗin da ke aljihunka ma a kan Linux take tafiya.

Tsohuwar kwamfutar nan da ke shan ƙura a shagonka na Agege, ko RAM ɗinta 4GB ne ta isa, ka sa mata Debian ka ɗora manhajar Samba shi ke nan duk kwamfutocin Windows na shagon za su riƙa ganin fayiloli wuri ɗaya, CUPS ya raba musu firinta, Apache ya riƙe shafin intanet, duk a akwati guda kuma ko allo ba sai ka haɗa mata ba, da SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, za ka shiga daga laftof ɗinka.

Inda kuɗi ke fita gaskiya wuta ce. NEPA ta ɗauke ana cikin ajiye fayil, bayanai na iya lalacewa, don haka UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ko inbata dole ne, sannan ka riƙa kwafe komai zuwa wani faifai daban.